Gidajen abincin manya a Dubai: abinci ake saya ko suna?

Wai waye wannan mai barbaɗa gishiri a kan nama a bidiyo ne?

Sunansa Nusret Gökçe, ɗan Turkiyya ne, tun yana yaro yake aiki a shagon mahauta kafin ya buɗe gidan gasa namansa na farko mai suna Nusr-Et a Istanbul a 2010, reshen Dubai kuma a 2014. Abin da ya ɗaga shi wani ɗan guntun bidiyo ne a Janairun 2017, ya sha baƙin gilashi da farar riga ɗamammiya, ya yanka nama sannan ya lanƙwasa hannu gishiri yana zubowa ta gwiwar hannunsa, shi ke nan duniya ta sa masa Salt Bae. Shi ne dai wanda ya kutsa fili bayan wasan ƙarshe na kofin duniya a Qatar a 2022 yana riƙe kofi yana jan hannun Messi, har FIFA ta ce za ta bincika yadda aka yi ya shiga.

Naman zinaren nan da ake sayarwa a gidansa da gaske ne ko haɗi ne?

Da gaske ne wallahi. Fallen zinare ne siriri sosai ake lulluɓe naman da shi bayan an gasa, kuma ba shi da ɗanɗano ba shi da ƙamshi, yadda ya shiga cikinka haka zai fita. A Janairun 2019 Franck Ribéry, ɗan ƙwallon Bayern Munich a lokacin, ya ci irinsa a Dubai, jaridu suka ce kuɗinsa ya kai yuro 1,200, mutane suka yi masa ca, shi kuma ya mayar da zagi, ƙarshe Bayern ta ci shi tara. Ni dai a ganina kuɗin hoto ne kawai.

To duk masu gidajen kuku ne?

A'a, kala biyu ne. Akwai wanda girkin ne ya yi masa suna, kamar Gordon Ramsay mai Bread Street Kitchen a otal ɗin Atlantis, ko CZN Burak mai dafa abinci a manyan tukwane yana murmushi yana kallon kyamara, wanda ya buɗe nasa a Dubai a 2020. Akwai kuma wanda jari da suna ya zuba. Nobu misali, ɗan fim ɗin Amurka Robert De Niro yana cikin masu shi tun da aka buɗe na New York a 1994, amma girkin na Nobu Matsuhisa ne ɗan Japan, De Niro ba ruwansa da tukunya.

In na je zan ga mai gidan?

Da ƙyar. Mutum mai rassa a ƙasashe da yawa ina zai zauna yana jiranka? Ko a gidan Salt Bae, yaransa ne za su yi maka wasan gishirin.

Halal ne kuwa?

Nama a Dubai galibi halal ne, wannan ba matsala. Amma manyan gidajen nan musamman na cikin otal ana sayar da giya a ciki, sannan girkin Japan akan saka masa sake ko mirin waɗanda duk daga giyar shinkafa suke, don haka ka tambayi mai kawo abincin kafin ka yi oda, ba abin kunya ba ne.

Wanda ba shi da kuɗin zinare fa, ina zai nufa?

Ravi a unguwar Satwa, gidan abincin Pakistan ne tun 1978, kujeru ba wani ado, biredin naan da zafinsa daga tanda, sunan da ya yi har Adidas ta fitar da takalmi da sunansa a 2022. Sai Al Ustad a Bur Dubai, kebab ɗin Iran, bangon cike da hotunan waɗanda suka taɓa cin abinci a wurin. 'Yan kasuwarmu da ke sauka Deira su tsallaka ruwa a kwalekwalen abra kawai sun shiga Bur Dubai, sauran 'yar tafiya ce.