Waiwaye: Yaushe ɗalibin koyon malanta ke cancantar zana jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN?

A zamanin Grade II, tsohuwar shaidar koyarwa a firamare, babu wata jarrabawar shiga aikin malanta daban da ta makaranta. Wanda ya gama kwalejin horon malamai ya ci takardunsa, an gama, sai ya ɗauki alli. Da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, ya zo a 1976, yara suka cika azuzuwa, aka rasa masu koyarwa, sai aka riƙa ɗaukar har waɗanda ba su kammala takardun Grade II ba. Don cike wannan giɓin aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, tana horar da malami yana bakin aikinsa. Tun daga nan aka saba ganin mutum ɗaya yana malami da safe, yana ɗalibi a ƙarshen mako.

Ita NCE, shaidar malanta ta kwalejojin ilimi, ta girmi NTI. An fara ta a manyan kwalejojin malamai da aka buɗe bayan rahoton kwamitin Ashby kan ilimi mai zurfi na 1960, ciki har da ta Zariya a 1962. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta mayar da ita mafi ƙarancin shaidar koyarwa, Grade II ta bi ruwa. An kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, da doka mai lamba 31 ta 1993, amma shekaru da dama rajistarta ta kai takardu da biyan kuɗi ce kawai. Sai a 2017 aka fara jarrabawar cancanta, PQE, a kan kwamfuta. A shekarar ce kuma gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba, abin da ya ƙara wa masu cewa takarda kaɗai ba ta isa ba ƙarfin gwiwa.

Ƙa'idar cancanta a takarda take, ba a daɗewa cikin aji ba. Rukuni huɗu ne: D na masu NCE, C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. Kowane rukuni yana buƙatar shaidar fannin ilimi. Mai digirin kimiyya ko HND, ko ya shekara goma yana koyar da lissafi, ba zai zauna ba sai ya haɗa da difloma a fannin ilimi, PGDE ko PDE. Wannan yana yi wa mutane ciwo, amma da dalilinsa: jarrabawar tana bin dabarun koyarwa, da halayyar yara, da auna fahimtarsu, da ɗa'ar aiki.

To ina ɗalibin da bai gama ba? Ɗan aji ɗaya ko biyu na NCE ba shi da hurumi, domin babu sakamakon da za a ɗora rajista a kansa. Ƙofar da aka buɗe ta ɗaliban shekarar ƙarshe ce da waɗanda suka kammala, ta hannun makarantarsu. Kwaleji ko tsangayar ilimi ta jami'a kan tattara sunaye, a shirya musu PQE, wanda ya samu maki 50 cikin 100 a rantsar da shi, sannan takardar rajista da lasisi su biyo. Wanda wannan ta wuce shi sai ya nemi rajista a hukumar da takardar sakamakonsa, ya jira zangon jarrabawar gama-gari.

A nan ake yawan tuntuɓe. Ɗalibi ya ci PQE amma yana da darasin da ya faɗi bai maimaita ba, sai rajistar ta tsaya, tunda NCE ɗin da za ta tsaya a kai ba ta fito ba. Haka wanda bai cika koyarwar gwaji ba, wadda ɗalibai ke kira TP, ko malamin da ke duba shi bai kai makinsa ba. TP ba ado ba ce, darasi ce mai maki, ba a yaye kowa sai da ita. Akwai kuma masu karatu a cibiyoyin ƙarshen mako da hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, ba ta amince da kwas ɗinsu ba, su sai a teburin tantancewa suke gane cewa shekara uku ta tafi a banza. Saɓanin suna ma na hana ruwa gudu: Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a ta kwaleji, sunan gari a wata a madadin na mahaifi. Gyaransa sai da takardar rantsuwar kotu, kuma gara a yi shi kafin rajista. Sai matsalar kwamfuta, domin akwai ɗalibai masu ƙoƙari da ranar jarrabawa ce rana ta farko da suka riƙe linzami, lokaci ya ƙare musu suna lalube.

An taɓa sa 31 ga Disamba 2019 a matsayin ranar da za a fitar da duk malamin da ba shi da rajista daga aji. Ranar ta zo ta wuce, makarantu masu zaman kansu da ƙananan hukumomi da yawa suka ci gaba da ɗaukar marasa lasisi, domin ba su da madadinsu. Lasisin kansa na shekara uku ne, sai a sabunta.