Firintar 3D ta haɗa-da-kanka: tambayoyi kafin ka zuba kuɗinka

Me wannan na'ura take bugawa, tunda ba takarda ba ce?

Abu take ginawa, wanda za ka riƙe a hannu. Ana saka mata zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta tura shi cikin ɗan bututu mai zafi, ya narke ya fito siriri ta ƙofar da faɗinta milimita 0.4 ne. Wanda ya taɓa ganin injin taliya ya gane rabin labarin. Sauran kuwa aikin magini ne: sahu kan sahu, kowanne kamar milimita 0.2, har abin ya tashi.

Yaya aka yi ta yi araha haka?

Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys a Amurka, shi ne ya yi wa dabarar rajistar mallaka a 1989, wadda ta hana wasu kwaikwayonta, kuma shekara da shekaru sai manyan masana'antu ke iya sayen irin na'urar. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, na'urar da za ta iya buga yawancin sassanta na roba da kanta, ya kuma saki zanenta kyauta. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009, sai kowa ya shigo fage. Josef Prusa na Jamhuriyar Cek ya fito da firintarsa Prusa i3 a 2012, masana'antun China suka bi sawunta, har kamfanin Creality na Shenzhen ya fitar da Ender 3 a 2018 kan kusan dala 200.

Sai injiniya ne zai iya haɗa ta?

A'a. Wadda ta zo rabi a haɗe, ɗaurin ƙusoshi ne na 'yan awoyi. Akwai ma masu farawa daga tushe: a 2013 Afate Gnikou na cibiyar WoeLab a Lome, ƙasar Togo, ya ƙera tasa da tarkacen tsoffin kwamfutoci da firintoci.

Wahalar tana bayan haɗawa ne. Farantin da ake gini a kansa dole ya daidaita, ana auna tazararsa da bakin bututun da fallen takarda ɗaya. Ya yi nisa, robar ba za ta kama ba, ka dawo ka tarar da taliya ta cika faranti. Ya matse, bututun ya toshe. Nan ne mutane da yawa ke sarewa, su ɗora na'urar kan kabad. A ganina, wanda ba ya jin daɗin kwance abu ya sake ɗaurawa, gara ya ƙara kuɗi ya sayi haɗaɗɗiya.

Ina ake samun zanen abin da za a buga?

Shafuka irin su Thingiverse da Printables cike suke da zane kyauta. Mai son nasa ya zana da manhajar Tinkercad ko FreeCAD, sannan manhajar Cura ta yanka shi sahu-sahu yadda na'urar za ta gane.

Wuta da zafi fa?

Ba ta cin wuta kamar dutsen guga, amma ba ta son a katse ta. Ɗan mariƙin waya na iya cin awa biyu, babban abu kuwa kwana da wuni. Wasu na'urorin suna ci gaba daga inda suka tsaya in an dawo da wuta, sai dai in farantin ya huce abin yakan ɓamɓare. Mai sola ko inbata ya fi kwanciyar hankali.

Robar PLA, wadda ake yi da sitacin masara ko rake, ita ce mafi sauƙin aiki, amma tana fara laushi tun wajen digiri 60. Ka bar abin da ka buga da ita cikin mota a ranar bazara, za ka tarar ya lanƙwashe. Kayan da za su sha rana, a yi su da PETG, wata roba da ta fi jure zafi.