Mai busa algaitar Sikotlan yana numfashi kuwa?

An daɗe ana cewa wai masu busa algaitar nan mai jaka ta mutanen Sikotlan ba sa yanke numfashi, sai mai ƙaton huhu ke iya koyonta. Ba laifin kowa ba ne gaskiya, sautin ne ba ya tsayawa, kuma mun saba ganin mai algaitarmu ya cika kumatu fam.

To ita wannan jakar da ke hammatar mai busa ta Sikotlan ɗin ce ke riƙe iskar, kamar 'yar salka, yana hurawa ta wani bututu mai ɗan murfi a ciki da ke hana iska komowa, in zai ja numfashi sai ya matse jakar da hannu, iskar ta ci gaba da bin dogayen bututan sauti 3 da ke kan kafaɗarsa da kuma sarewar da yake taɓawa da yatsu. Sabon ɗalibi ma ba a fara ba shi jakar, wata 'yar sarewar gwaji yake fama da ita wata da watanni tukuna.

Ku nemi bidiyon mai busawa shi kaɗai, ku zuba ido kan gwiwar hannunsa da bakinsa, za ku ga yana jan numfashi abinsa kiɗa na tafiya. Don Allah a tura wa wasu su ma su gani.