Ganyen shinkafa ya yi rawaya da wuri: laifin iri ne ko naka?

Tun da aka shiga noman rani wayata ba ta huta ba. Daga Wurno, daga Goronyo, daga fadamun Kware, hoto ɗaya ake turo mini: ganye rawaya, a ƙasa an rubuta "Malam, an sayar mana da mugun iri." Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Shinkafata ta yi rawaya, cuta ce?

Yaushe ta yi? In kai ya sunkuya, ƙwaya ta yi tauri, nuna take yi. Je ka nemi masu yanka.

To me ya sa ganye yake tsufa?

Don ya ciyar da ƙwaya. Da zarar shinkafa ta fitar da kai, sai ta shiga kwashe abincin da ke cikin ganye, musamman naitirojin, tana tura shi cikin ƙwaya. Na ƙasa ne ke fara tafiya, na sama ya biyo baya. Matsala tana zuwa ne idan ganyen ƙarshe, wanda ke tsaye kusa da zangarniya, ya bushe alhali ƙwaya tana nono. Yawancin garin da ke cika ƙwaya bayan fitar kai ake sarrafa shi, a ganyayen sama. Su mutu da wuri, ka kwashi ƙaiƙayi, buhu ya cika amma ba nauyi.

Wai da gaske abin gado ne?

Da gaske ne. Shinkafa tana da kuromosom 12, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma tun 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin gadonta. Cikinsu akwai masu riƙe da agogon tsufa. Ɗaya ana kiranta OsNAP, ita ce kamar mai ba da umarni a fara kwashe kaya daga ganye. A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa in ta yi aiki fiye da ƙima shinkafa na tsufa tun lokaci bai yi ba, in kuma aka rage mata ƙarfi ganye ya daɗe yana aiki, amfani ya ƙaru da kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari a gwajinsu. Wata kuma SGR, a kan kuromosom na 9, aikinta rushe sinadarin da ke sa ganye kore. A 2020 masu bincike a Koriya ta Kudu suka gano cewa dangin indika, wanda yawancin shinkafar fadamunmu daga cikinsa take, yana kunna SGR da wuri fiye da dangin jafonika. Abin da ke ba ni sha'awa, ita wannan SGR ɗin ce dai ta raba koren waken Turawa (fis) da rawaya a gwajin Gregor Mendel, masanin da ya fara gano ƙa'idojin gado, tun shekarun 1860, ba a gane haka ba sai 2007.

Ashe in samu wadda ganyenta ba ya rawaya, na huta?

Ba ka huta ba. Akwai shinkafar da SGR ɗinta ta lalace, ganye ya zauna kore shar amma ya daina aiki. Ado ne kawai. Kuma kai da kanka za ka fara ƙorafi in ta ƙi nuna har ruwa ya ci fadama.

Ta yaya zan gane iri ne ko wani abu, kuma in ajiye irin nan ko in sayar?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Ba zan yanke maka hukunci daga hoto ba, domin rawaya kala-kala ce, kuma sau da yawa abu biyu ne suka haɗu a gona ɗaya.

Fara da kallon yadda ta bazu. In duk gonar ta koɗe bai ɗaya, tsofaffin ganye suka fara, shuka ta yi gajarta ba 'ya'ya da yawa, ka fi zargin yunwar taki. In wajen tudun ne kawai, inda ruwa ke saurin janyewa, ƙishirwa ce, kodayake ƙishirwa ma tana hana shuka shan takin da ke ƙasa, sai alamun su rikice. In ganye ya yi dabbare-dabbare, rawaya da kore a tsaitsaye, shuka ta tsumbure jefi-jefi, mai yiwuwa bairos ɗin nan ne na rawayar shinkafa, wanda ƙwari da gogayyar ganye ke yaɗawa. In bushewa ta faro daga tsinin ganye ta bi gefe-gefe, ana zargin cutar bakteriya, ko da yake ƙarancin fotash ma yakan ƙona gefen ganye. Sannan ga zafin Sakkwato. Wanda ya makara da dashe har fure ya faɗa ƙarshen Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shinkafarsa za ta sha wuya ko wane iri ne, don fure na fara lalacewa da zafi ya wuce 35. Zafi da ƙishirwa su ne ke tayar da sinadarin da ke kunna OsNAP, ka ga gado da yanayi ba a raba su da wuƙa.

Yaushe zan yarda iri ne? In maƙwabcinka ya dasa wani iri rana ɗaya da kai, ruwa ɗaya, taki ɗaya, nasa kore naka ya bushe. Ko a haka ma sai na tambaya ko naka mai saurin nuna ne, domin irin FARO 44 mai saurin nuna ba za ta jira FARO 52 mai jinkiri ba, kuma wannan ba aibi ba ne.

Batun ajiyewa kuwa, shinkafa kanta take yi wa barbara, don haka halin uwa shi 'ya ke ɗauka. In yunwa ce ko zafi, ba a gadonsu, amma ƙwayar da ba ta cika ba tsironta ba ƙarfi. In kana shakka, ka sayi kwano biyu na ingantaccen iri, ka dasa fangali ɗaya kusa da naka a baɗi, ka yi musu hidima iri ɗaya. In har yanzu naka ya riga bushewa kuma ya gaza a ma'auni, ka rabu da shi.

In ƙara yuriya yanzu?

Bayan ta fitar da kai? Haba Alhaji! Ina kake lokacin da take 'ya'ya, ina kake lokacin da za ta ɗauki ciki? Kamfa a farko, yuriya kashi biyu, mun faɗa har mun gaji. Yanzu ka zuba, ka jawo kwanciya da cuta, kuɗinka su bi ruwa. Ka tsare mata ruwa kawai har ƙwaya ta yi tauri.

Akwai maganin feshi da ke gyara gado?

Babu. Wanda ya ce maka akwai, aljihunka yake nema.

Wannan magana ta ƙwayoyin gado, ba ita ce ta irin da aka sarrafa a ɗakin gwaji ba?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. OsNAP da SGR suna cikin kowace shinkafa, har jar nan da kakanninmu suka noma a bakin gulbin Rima. FARO ɗin da ke hannunka ta hanyar barbara da zaɓe aka samo ta, ta bi ta cibiyar binciken hatsi ta Badeggi kafin ta iso gonarka.