Waiwaye: Daga Jigo Zuwa Farantin Sola, Inda Lissafin Makamashi Ya Kuɓuce Wa Masu Sana'a A Sakkwato

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, da wuya ka zauna a majalisa a Sakkwato ba a taɓo zancen sola ba. Mai walda a Mabera yana tambayar ko inbata za ta ɗauki injinsa, mai ƙanƙara a Runjin Sambo yana lissafin kuɗin batir, masu gidajen ruwan leda suna ta auna dizal da farantan sola. A gefe guda kuma ga wata muhawara da ake tafkawa a rediyo da Facebook kan kiran da ake yi wa 'yan kasuwa su rage hayaƙin da suke fitarwa. Wasu na cewa wannan damuwar Turawa ce, su da suka cika sama da hayaƙi tun zamanin kwal, kuma duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Wasu kuma na cewa ko babu Turawa a ciki, aljihu kaɗai ya isa ya tilasta wa mutum tsimi. Abin da ya dame ni shi ne, ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya-jiya abin ya faɗo mana daga sama.

Tarihin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. A 1992 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar sauyin yanayi a birnin Riyo na Burazil, a 1997 aka yi ta Kiyoto, a 2015 aka yi ta Faris. A 2021 Najeriya ta yi alƙawari a taron Gilasgo cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, kuma a wannan shekarar aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Mu nan arewa maso yamma ba sai an karanto mana rahoto ba: dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, suna iya nuna maka filin da a da daji ne mai duhu. Duk wannan gaskiya ne, amma babu ko ɗaya a ciki da ya bayyana dalilin da ya sa tela mai keke biyu yake ƙona lita huɗu ko biyar a yini.

Amsar tana wani wuri da ba a cika waiwaya ba. Tana cikin shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da ƙaramin inji mai shan fetur ya shigo rayuwarmu, ya fara da fadama, ya ƙarasa cikin shaguna.

Wanda bai kai shekara arba'in ba wataƙila bai taɓa ganin jigo yana aiki ba. Doguwar sanda ce a kan gwafa a bakin gulbi ko rijiya, an ɗaure mata dunƙulen laka a gindi, igiya da guga a ɗaya bakin. Mutum ya ja ƙasa, nauyin lakar ya ɗago ruwan, ya juye a hanyar ruwa, ya sake. Ina yaro na ga kawuna yana wannan aiki a fadamar gulbin Rima, tun kafin rana ta fito. Abin da na fi riƙewa shi ne yadda yake bi da fangali. Yakan duƙa ya daidaita shi da fartanya har ya zama ba tudu ba kwari, ya toshe duk wata kafa da ɓera ko gyare ya haƙa a jikin kunya, domin duk gugan da ya zurare a banza, a kafaɗarsa zai ji shi da dare. Bai taɓa jin kalmar tsimin makamashi ba, amma ya san adadin gugan da fangalin albasa ke sha, ya kuma san ranar da za a tsallake ban-ruwa.

Sai shirye-shiryen raya aikin gona na shekarun 1980 suka kawo ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa, shirin Fadama na farkon shekarun 1990 kuma ya ƙara yaɗa su. Babu mai hankalin da zai ce wannan ba alheri ba ne. Mutumin da a da bai iya wuce ɗan lambu ya koma noma kadada guda ko fiye. Albasa da tattasai da tumatir da shinkafar rani na Goronyo da Wurno da Kware sun cika motoci zuwa kudu. An yi aure da kuɗin noman rani, an je Makka, an sa yara makaranta. Ƙashin bayan manoma da yawa ya huta.

Amma injin ya zo a daidai lokacin da fetur yake kusan kyauta. A 1986 da aka ƙara farashinsa, daga kwabo 20 ya koma kwabo 39 da rabi. A 1994 ya zama naira 11, a 1999 naira 20. Kowane ƙari ya tayar da ƙura a lokacinsa, amma idan ka auna da abin da buhun albasa ke kawowa, kuɗin mai bai kai ya hana manomi barci ba. Arharsa ta kai har ana kwasar sa a jarkoki ta Illela zuwa Ƙonni ta ƙasar Nijar, saboda a can ya fi tsada nesa ba kusa ba. To a nan ne igiyar ta tsinke. A da, ƙarfin da mutum ya kashe shi ne ma'aunin ruwan da ya zuba. Yanzu sai a tayar da inji, a jefa tiyo, a tafi a zauna a inuwa har gona ta yi tafki. Daidaita fangali ya zama aikin tsofaffi. Injin da kafiretansa ta lalace yana ta tuttula baƙin hayaƙi, ba a kai shi wurin makanike sai ya ƙi tashi gaba ɗaya, tunda ƙarin lita ɗaya ya fi kuɗin gyara sauƙi.

Irin wannan injin ne, da 'yar sauyin siffa, ya shigo gari a matsayin janareta. Sakkwato tana can ƙarshen layi: wutar da ake samarwa a Kainji tun 1968 sai ta bi ta Birnin Kebbi kafin ta iso mana, ga gari yana faɗaɗa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Ba abin mamaki ba ne mai sana'a ya nemi abin dogaro na kansa. Da ƙananan janareta masu arha suka cika kasuwa, sai kowane shago ya zama tashar lantarki mai zaman kanta. Mai aski da nasa, mai ɗinki da nasa, mai sayar da lemo da nasa, a jere a bakin titi ɗaya, kowa yana ƙona mai don ya kunna abin da bai kai rabin ƙarfin injinsa ba. Ƙaramin inji kuwa dama mafi yawan man da yake sha zafi da ƙara yake zama, kaɗan ne ke komawa wuta, kuma idan kayan da aka ɗora masa ba su da yawa asarar ta fi muni.

Daga nan sai tsarin tunani ya juye. Maimakon mutum ya fara da tambayar wutar da aikinsa ke buƙata, sai ya fara da girman janaretan da zai iya saya, sannan ya nemo abin da zai ɗora masa. Tsofaffin firiza da aka gama yayinsu a Turai suka samu kasuwa a wurinmu, robar ƙofarsu ta saki, injinsu ba ya hutawa. Ƙwan lantarki mai wat 60 ko 100 yana ci da rana tsaka. Gini ma ya bi sahu. Shagon ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda kan riƙe sanyin dare har azahar, ya ba da wuri ga bulo da kwano ba silin, ba tagar da iska za ta ratsa. Irin wannan ɗaki a Sakkwato tanda ne. Ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka ba ta juyawa sai da inji, inji ba ya tashi sai da mai. Mun gina buƙatar fetur a jikin bangon shagunanmu.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne, a daidai waɗannan shekaru ilimin mafita yana nan cikin garin. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masana a can sun ƙera murhun girki mai aiki da rana, da na'urar dafa ruwa, da ta busar da amfanin gona, da murhun itace mai tsimi, sun kuma yi gwajin wutar sola a Kwalkwalawa da ta iska a Sayya Gidan Gada. Sun yi nasu. Amma ɗan kasuwa da riba yake magana, kuma a wancan lokaci farantin sola tsada gare shi ƙwarai, fetur kuma ga shi kamar ruwa. Babu lissafin da zai sa mai shago ya zaɓi na farko. Ba jahilci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Farashin da yake gani a gidan mai ne bai gaya masa gaskiyar abin da yake kashewa ba, kuma ya shafe shekaru kusan talatin yana jin wannan labari.

Abin da ya biyo baya kowa ya shaida. A 2012 lita ta tashi daga naira 65, bayan zanga-zanga ta tsaya a 97. A 2016 ta kai 145. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, dizal ya ninka fiye da sau biyu, masu injin casar shinkafa da gidajen burodi da masu otal suka fara jin jiki tun kafin sauran jama'a. A 2023 fetur ya haura naira 500, a 2024 ya tsallake 1,000. A ɗaya ɓangaren kuma, farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Layuka biyu da suka daɗe suna tafiya ne suka haɗu, shi ya sa rufin shaguna ya cika da faranti cikin ɗan lokaci.

Sai dai tsohuwar ɗabi'ar ta biyo mu cikin sabon zamani. Na tsaya a shagon wani mai ƙanƙara da na sani, ya sayi faranti da batura da kuɗin da ya sayar da fili, amma yana kukan batir ba ya kai shi asuba. Na duba, firizansa uku duk tsofaffi ne, ɗaya da tsumma aka cusa a bakin ƙofarta, suna jingine da bangon da rana ke duka tun azahar, ƙarƙashin kwano tsirara. Ya auna solar da abin da janareta ke ɗauka a da, bai taɓa tambayar ko rabin wannan wutar asara ba ce. Da ya fara da canza roba, da sa silin, da matsar da firizan daga bangon yamma, da rabin kuɗin ya ishe shi. Ƙwai mai wat 9 na zamani yana ba da hasken da mai wat 60 ke bayarwa. Keken ɗinki na masana'anta mai sabon injin lantarki ba ya jan wuta sai an taka, tsohon kuwa yana juyawa ko tela na yanka yadi. Waɗannan ba su da ɗaukar ido kamar faranti a kan rufi, amma su ne tushen.

Ga masu cewa zancen hayaƙi na Turawa ne, akwai gaskiya a maganarsu game da wanda ya fi ɓata sama. Amma kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kimanin 2.7, kuma kafin hayaƙin ya kai sama sai ya bi ta huhun yaron shago da ke zaune kusa da injin tun safe. A wurin ƙaramin ɗan kasuwa, litar da bai ƙona ba ita ce ribar da ya tsira da ita, ita ce kuma hayaƙin da bai fita ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan mai da gas suka yi tsada, mai gidan burodi da mai tuwo-tuwo da mai gashin nama itace da gawayi suke komawa. Motocin itacen da ke shigowa gari da asuba suna cikin wannan lissafi, a jihar da take cikin jihohi 11 da ake dasa katangar itatuwa don tare hamada. Tanda mai riƙe zafi da murhu mai tsimin itace suna da muhimmanci a nan kamar sola, ko ma fiye.

A ranin da ya wuce na koma fadama wurin kawuna. Ya tsufa, 'ya'yansa ke aikin. Sun fara da mayar da injin ya koma shan gas ɗin girki kamar yadda manoma da yawa suka yi, daga baya suka haɗa kuɗi suka sayi famfon sola. Ruwansa ba ya zuwa da ƙarfin na inji, a hankali yake zuba, kuma sai rana ta ɗaga. Na tarar da tsohon a duƙe da fartanya yana nuna wa jikansa yadda ake daidaita fangali.

Na ce, "Kawu, ai da ka bar wa yara wannan wahala."

Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ba su iya ba. Su a zamanin inji suka tashi, ba wanda ya koya musu."

Ya sa yaron ya toshe wata kafa a jikin kunya, ya buɗe hanyar ruwa zuwa fangali na gaba, ya tsaya yana kallon yadda ruwan ke shimfiɗuwa har ya taɓa kusurwa huɗu, sannan ya ce a rufe.