Yaron da ya dawo daga daji yana buƙatar gida

Mu ma'aikatan lafiya da ke zirga-zirga a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno da Yobe, akwai tambayar da ba ta ƙarewa: yaya aka yi yaron da kowa ya san shi da ladabi ya ɗauki makami a kan mutanen garinsu bayan 'yan Boko Haram sun sace shi? Wasu su ce asiri aka yi masa, wasu su ce wani abu aka ba shi ya sha. Gaskiyar ta fi haka muni, domin dabara ce da za ta iya cin kowa.

Abu na farko, a raba shi da kowa nasa. A Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi babu rediyo, babu waya, babu dattijon da zai ce masa "wannan ba addini ba ne". Abincinsa da barcinsa duk suna hannun wanda ya sace shi. Mutumin da ya zane shi da safe shi ne zai miƙo masa tuwo da dare, har zuciyar yaron ta rikice, ta fara kallon mai azabtar da shi a matsayin uba. Kullum ana nanata masa cewa duk wanda ke waje kafiri ne, har mahaifiyarsa. Kuma ba rana ɗaya ake ba shi wuƙa ba. Yau a sa shi ya kalla, gobe ya riƙe igiya, jibi a ce saura kai.

Kada mu ce mu mun fi ƙarfin haka. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Stanley Milgram ya shirya gwajin da aka umarci mutane su riƙa jona wa wani lantarki. Lantarkin na ƙarya ne, amma ba su sani ba. Cikin mutum 40, guda 26 sun kai har maƙurar ƙarfin lantarkin, don kawai mai binciken ya ce su ci gaba. Manya ne, a ƙoshe, babu bindiga a kansu. To ina ga ɗan shekara 12 da ya kwana da yunwa?

Bayan ya aikata, sai a faɗa masa maganar da ta fi sarƙa ɗaurewa: "Hannunka ya taɓa jini. Ko ka gudu, ba mai karɓarka." Yarinya kuma a ce mata, "Wa zai aure ki yanzu?"

A nan ne namu laifin yake shigowa. Binciken da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka kuɓuta "matan Boko Haram" ko "annoba", ana ƙyamar jariransu wai jinin uba ne a jikinsu. Duk ranar da aka janye yara daga wasa da ɗanta, ko aka ƙi cin abincin da ta dafa, mun gaskata maganar waɗanda suka sace ta. Akwai waɗanda wannan ƙyamar ta mayar daji.

Wanda aka kashe masa uba yana da hakkin yin fushi, ba na musun haka. Muhawarar da ake yi kan tubabbun mayaƙan da ke bi ta sansanin Malam Sidi a Gombe ko na Gudumariya a jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar tana da wurinta, a yi adalci. Ni maganata kan yaran da aka kwasa da ƙarfi ne.

Idan irin wannan yaro yana gidanku, za ku ga yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya zabura da jin ƙarar babur. Wani ya yi shiru kwana da kwanaki, wani ya riƙa faɗa ba dalili. Ba iskanci ba ne, ciwo ne. Kada a titsiye shi da "me ka yi a can?", in ya fara magana da kansa, a saurara ba tare da salati da zaro ido ba. A kira shi da sunansa na yanka. A ba shi aiki ƙarami, ko ban ruwan awaki ne, a mayar da shi makaranta, ya ci abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Addu'a da rubutun sha ba su hana zuwa asibiti.

In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko ya daina ci da barci, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a jira. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa a ranar, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.