Wane ne "death bowler" a wasan kurket na T20?

Duk mai bin gasar kurket ta T20 zai ji masu sharhi suna yawan ambaton "death bowler" da zarar wasa ya doshi ƙarshe. Wanda suke nufi shi ne mai jifan da kyaftin ke adanawa har sai an zo gaɓar ƙarshe, lokacin da masu bugu suka daina tsoron a fitar da su, wato a kawo ƙarshen damarsu ta bugu, sannan ya miƙa masa ƙwallo. Mu kira shi mai jifan ƙarshe.

A T20 kowace ƙungiya tana samun oba 20, kowace oba kuma jifa shida ce, jimla 120 ke nan. Doka ba ta yarda mutum ɗaya ya jefa fiye da oba huɗu ba, don haka jifa 24 kacal gwanin ƙungiya yake da su, dole kyaftin ya san inda zai kashe su. A farkon wasa mai bugu yana taka-tsantsan, don in aka fitar da shi da wuri ya bar 'yan'uwansa cikin wahala. Idan aka kai oba huɗu ko biyar na ƙarshe, ba shi da sauran abin tattali. Kowace ƙwallo so yake ya ɗaga ta ta tsallake igiyar bakin fili, maki shida nan take. Mai jifa kuwa mutum biyar kawai aka yarda ya baza a bakin filin su tsare masa. In wasan dare ne a Indiya ko ƙasashen Larabawa, ga raɓa ta jiƙa ƙwallo tana santsi a hannu.

Babban makaminsa shi ne jifan da ake kira yoka, wato ƙwallo ta sauka daidai kan yatsun ƙafar mai bugu, ta yadda sandarsa ba za ta samu shiga ƙarƙashinta ba. Wahalar ita ce wurin da ake nema bai fi tafin hannu biyu ba. In ta sauka kafin wurin da ɗan kaɗan, ta zama ƙwallon da kowane mai bugu ke addu'ar samu. In ta zarce ba ta taɓa ƙasa ba, nan ma an ba shi kyauta. In kuma ta kuɓuce ta zo sama da ƙugunsa, alƙali zai soke jifan, a ƙara wa abokan hamayya maki, a sake jefawa, kuma a wannan karon jifan ba ya fitar da mai bugu ko da ya kaɗe sandunan da ke bayansa, waɗanda yake karewa. Sauran dabarun su ne yoka mai nisa da jiki, wadda mai bugu sai ya miƙe hannu kafin ya taɓo ta, da kuma jifan yaudara: hannu ya juyo da saurin da aka saba, amma yatsu sun rage wa ƙwallon ƙarfi, sai mutum ya kai bugu ita kuma ba ta iso ba.

Lasith Malinga na Sri Lanka shi ne wanda ya nuna wa duniya cewa wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. Da hannu kusan a kwance yake jifa, salon da ya taso da shi a wasan ƙwallon tanis a bakin teku kusa da Galle. A wajen atisaye takalma yake ajiyewa a inda mai bugu ke tsayawa, ya yi ta jifansu. Shi ne namiji na farko da ya fitar da mutum 100 a wasannin T20 na ƙasa da ƙasa, a 2019, kuma a wasan da ya kai wannan adadi ya fitar da 'yan New Zealand huɗu da jifa huɗu a jere. Amma ni wasan da nake auna shi da shi shi ne na ƙarshe na kofin duniya a 2014 a Dhaka. Bai fitar da kowa ba ranar. Sai dai shi da abokan jifansa sun hana Indiya sakat, maki 19 kawai ta samu a oba huɗu na ƙarshe alhali gwanin bugunta Virat Kohli yana fili, ta tsaya a 130, Sri Lanka ta ɗauki kofi.

Wannan ya sa masu bin wasan da idon basira suke duba wani ma'auni da ake kira ikonomi, wato matsakaicin makin da mai jifa ke bari a ci a kowace oba. Shi ma ma'aunin sai an san lokacin da mutum ya yi jifan. Wanda ke ba da takwas a gaɓar ƙarshe ya fi wa ƙungiyarsa amfani a kan mai ba da bakwai a tsakiyar wasa, lokacin da masu bugu ke lallaɓawa.

A duba wasan ƙarshe na kofin duniya na 2024 a Barbados, tsakanin Indiya da Afirka ta Kudu. Afirka ta Kudu tana neman maki 30 daga jifa 30, da sauran mutum shida kafin a gama fitar da masu bugunta, kusan kowa ya gama cewa kofi nata ne. Kyaftin ɗin Indiya Rohit Sharma ya dawo da mai jifansa Jasprit Bumrah. Oba ta 16 ya ba da huɗu. Oba ta 18 ya ba da biyu, ya kuma kaɗe sandunan Marco Jansen. Daga nan lissafi ya kwance wa Afirka ta Kudu, ta faɗi da tazarar maki bakwai. A gasar baki ɗaya Bumrah ya fitar da mutum 15, ƙasa da Arshdeep Singh da Fazalhaq Farooqi masu 17 kowannensu, amma shi aka ba gwarzon gasa, don ikonominsa 4.17 ne. A wasan da ake cin takwas ko tara a oba ba tare da an yi mamaki ba, wannan adadi abin a jinjina ne.

Ranar da abin ya ƙi kuwa, mai jifan ƙarshe ne ke ɗaukar laifin shi kaɗai. A 2016 a Kolkata, West Indies tana neman 19 a oba ta ƙarshe, mai bugunta Carlos Brathwaite ya ɗaga wa Ben Stokes na Ingila bugun maki shida sau huɗu a jere. Stokes durƙushewa ya yi a fili, hannu a fuska. Ina ganin mutumin da ya karɓi ƙwallo a irin wannan lokaci ya cancanci girmamawa ko da ya sha kashi, domin akwai manyan 'yan wasa da ba sa son a waiwayo su a sa'ar.

Littafin bajinta shi ma yana bukatar a karanta shi da lura. Tun daga 2019 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta mayar da duk wasan T20 tsakanin ƙasashe membobinta wasan ƙasa da ƙasa, sai ƙananan ƙasashe suka shigo sahu. Peter Aho na Najeriya ya fitar da 'yan Saliyo shida, ya kuma ba da maki biyar kacal, a Legas a watan Oktoban 2021, ya karya tarihin jifa mafi kyau a wasa ɗaya da Deepak Chahar na Indiya ya kafa. A 2023 Syazrul Idrus na Malesiya ya wuce shi da mutum bakwai a karawarsu da China. Bajintar Aho abin alfahari ce gare mu, duk da cewa ƙarfin abokan karawa ba ɗaya ba ne da na manyan ƙasashe.

Ƙwarewa a wannan fanni har ta kan ceci rayuwar wasan mutum. Tymal Mills na Ingila ciwon baya ne ya hana shi buga kurket mai cin kwanaki, jikinsa ba ya jure dogon jifa. Sai ya tattara ƙarfinsa a kan jifa 24, da saurin hannun hagu da jifan yaudara. A 2017 ƙungiyar Royal Challengers Bangalore ta saye shi a gwanjon 'yan wasa na IPL, babbar gasar T20 ta Indiya, kan rupi miliyan 120, a 2022 kuma yana cikin tawagar Ingila da ta ci kofin duniya a Ostireliya.